Shin Kafafen Sada Zumunta Ne Suka Raba Kan Amurkawa a Kan Batun Bindiga?

Wani mai karatu ya aiko da wannan tambaya: "Duk lokacin da aka yi harbin kan mai uwa da wabi a Amurka, sai in ga mutane a Facebook da X sun rabu gida biyu, wasu suna cewa a ƙwace bindigogi, wasu suna cewa a ƙara wa jama'a bindigogi, har akwai masu cewa ba a yi harbin ba sam. Shin kafafen sada zumunta da ƙaryar da ake yaɗawa a cikinsu ne suka haddasa wannan rabuwa? Kuma wane ɓangare ne yake faɗin gaskiya?"

Malam, rabuwar da kake gani ta girmi Facebook da shekaru masu yawa, don haka ba za a ɗora wa kafafen sada zumunta laifin haifar da ita ba, ko da yake suna da nasu laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Tushen gardamar yana cikin gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791, wanda jimla ɗaya ce tal: ta fara da maganar buƙatar rundunar sa-kai mai tsari domin tsaron ƙasa, ta ƙare da cewa ba za a tauye wa jama'a haƙƙin mallaka da ɗaukar makami ba. Wasu sun riƙe farkon jimlar, wasu sun riƙe ƙarshenta, aka yi ta ja har 2008, lokacin da Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu a shari'ar Heller, ta yanke cewa haƙƙin na kowane mutum ne a karan kansa. Ita ma ƙungiyar NRA, wadda aka kafa a 1871 domin koyar da harbi, tun a taronta na Cincinnati a 1977 ta rikiɗe ta zama ƙungiyar siyasa mai yaƙi da duk wata dokar taƙaita bindiga. Facebook kuwa sai a 2004 aka kafa shi. Ke nan lokacin da gardamar ta koma cikin wayar hannu, kowa ya riga ya san layinsa.

Ya kamata kuma a san girman abin da ake gardama a kai. Cibiyar Small Arms Survey ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi miliyan 393 a hannun fararen hula a Amurka, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. Amma ba kowa ne ke da ita ba: binciken cibiyar Pew yana nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na manya ne ke cewa ya mallaki bindiga, kuma sun fi yawa a karkara da cikin magoya bayan jam'iyyar Republican. Ga manomin da ya gaji bindigar farauta daga kakansa, kuma ofishin 'yan sanda yake da nisa da gidansa, bindiga kayan gida ce kamar gatari. Ga uwar da ke zaune a unguwar da ake jin ƙarar harbi da dare a cikin babban birni, bindiga ita ce abin da take tsoron zai ɗauke mata ɗa. Dukansu biyu daga abin da suka sani suke magana, kuma a hankali bindiga ta zama tutar da ake gane ɓangaren mutum da ita, ko da bai taɓa riƙe ta ba.

Inda kafafen sada zumunta suka fi yin ɓarna shi ne sa'o'in farko bayan harbi, lokacin da 'yan sanda ba su faɗi komai ba tukuna, mutane kuma suna ƙishirwar labari. A wannan giɓin, abin da kowane ɓangare yake nema shi ne maharbin ya fito daga ɗaya ɓangaren. Bayan harbin Las Vegas na 1 ga Oktoban 2017, wanda ya ci rayuka 58 a lokacin, masu rubutu a shafin 4chan, dandalin da ake rubutu ba tare da bayyana suna ba, suka laƙa wa wani mutum da bai san hawa ba bai san sauka ba, suka ce shi ne maharbin kuma mai adawa da Trump ne, har Google ya ɗora zancen nasu a sahun manyan labarai na wani ɗan lokaci. Bayan harbin Uvalde a jihar Texas a ranar 24 ga Mayun 2022, inda aka kashe yara 19 da malamai biyu, an ɗauko hotunan wasu mutane da ba su da wata alaƙa da lamarin aka ce su ne maharbin, kuma ɗan majalisar wakilai Paul Gosar ya maimaita irin wannan zargi kafin ya goge. Akwai ma hoton wani ɗan barkwanci da masu tsokana suke fitowa da shi kusan bayan kowane harbi suna cewa shi ne ya aikata, kuma duk da an sha fallasa abin, kullum ana samun masu faɗawa.

Mafi munin misali shi ne na makarantar firamare ta Sandy Hook da ke Newtown a jihar Connecticut. A ranar 14 ga Disamban 2012 wani matashi ya shiga makarantar ya kashe yara 20, 'yan shekara shida da bakwai, da ma'aikata shida. Ba a jima ba Alex Jones, mai shirin Infowars, da wasu irinsa suka fara cewa shiri ne, ba wanda ya mutu, iyayen da ake gani suna kuka a talabijin 'yan wasan kwaikwayo ne da gwamnati ta ɗauko haya domin ta sami hujjar ƙwace bindigogi. Mutum zai yi mamakin yadda mai hankali zai yarda da wannan, amma idan aka duba akwai abin da ƙaryar take biya wa mai karɓarta. Wanda ya gina rayuwarsa a kan cewa yawan bindiga tsaro ne, gawar yara ashirin tana matsa masa lamba ya sake tunani, kuma sake tunani yana da ciwo. Idan aka ce masa ba a yi abin ba, an sauke masa nauyin gaba ɗaya, an kuma tabbatar masa da zargin da dama yake yi wa gwamnati.

Hausawa suna cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma wannan ta yi 'ya'ya masu ɗaci kafin a sare ta. An yi shekaru ana bin iyayen yaran da zagi da barazana, ana neman su kawo shaidar cewa 'ya'yansu sun taɓa rayuwa, wani mahaifi ya yi ta sauya gida saboda masu bibiyarsa, har a 2017 aka ɗaure wata mata a Florida wata biyar saboda saƙonnin barazanar kisa da ta aika masa. Sai a 2022 kotuna a Texas da Connecticut suka ci Jones tarar da jimillarta ta haura dala biliyan ɗaya da miliyan ɗari huɗu, kuma a gaban kotun Texas ya amsa da bakinsa cewa harbin gaskiya ne. Tsakanin harbin da wannan amsa shekara goma ce ba kaɗan, kuma a duk tsawon lokacin yana sayar wa masu sauraronsa magunguna da kayan ƙarin lafiya, domin masu sauraro su ne jarinsa.

An maimaita salon bayan harbin Parkland a Florida a ranar 14 ga Fabrairun 2018, inda aka kashe mutum 17 a wata makarantar sakandare. Bidiyon da ke cewa ɗaya daga cikin ɗaliban da suka tsira, David Hogg, ɗan wasan haya ne ya kai matsayi na ɗaya a jerin bidiyoyin da suka fi tashe a YouTube kafin a cire shi. Akwai wani hoto na wannan lokacin da nake yawan nuna wa masu koyon tantance labari. A cikinsa ana ganin wata ɗaliba, Emma González, tana yaga kundin tsarin mulkin Amurka gida biyu. Idan ka ajiye shi kusa da na asali, wanda mujallar Teen Vogue ta ɗauka, za ka ga tsayuwarta ɗaya ce, riƙon hannunta ɗaya ne, amma abin da take yagawa takardar da ake kafawa ce a filin koyon harbi, mai da'irori a jiki. An musanya takardar kawai, aka ɗan duhunta mata ƙasan ido. Wanda ya yi aikin ya san sarai abin da yake taɓawa, domin ya mayar da yarinya mai cewa a daina harbe ɗalibai ta zama maƙiyiyar ƙasa a idon miliyoyin mutane.

Sai dai irin wannan ƙarya ta fili, duk da muninta, ba ita ce ta fi damuna ba, saboda ana iya kama ta da hannu. Wadda ta fi wahalar kamawa ita ce lamba ta gaskiya da aka raba da bayaninta, kuma a nan ɓangarorin biyu duk suna da hannu dumu-dumu. A ranar harbin Parkland ɗin nan, ƙungiyar Everytown mai neman a tsaurara dokokin bindiga ta fitar da cewa wannan shi ne harbi na 18 a makarantun Amurka tun shigowar shekarar. Lambar ta bazu kamar wutar daji, 'yan siyasa da 'yan jarida suka yi ta maimaitawa. Da jaridar Washington Post ta bi jerin ɗaya bayan ɗaya, sai ta tarar a ciki har da wani mutum da ya kashe kansa a wurin ajiye motoci na wata makaranta a Michigan wadda aka rufe watanni kafin nan, da lokutan da bindiga ta tashi ba a ji wa kowa rauni ba. Kowane abu a jerin ya faru, amma wanda ya karanta "18" ya ɗauka sau goma sha takwas aka shiga aji aka buɗe wa yara wuta. Ribar kuma ta koma ga ɗaya ɓangaren, wanda ya sami abin nunawa duk lokacin da aka kawo masa wata ƙididdiga, ko da sahihiya ce.

Haka abin yake da kalmar harbin jama'a kanta. Shafin Gun Violence Archive yana ƙirga duk inda aka harbi mutum huɗu ko fiye, ko sun mutu ko ba su mutu ba, ko faɗan 'yan daba ne ko rikicin cikin gida, kuma da wannan ma'auni ya ƙirga sama da 600 a 2021. Hukumar FBI kuwa, da take ƙirga maharbin da ya shiga wurin taruwar jama'a yana neman kashe duk wanda ya samu, 61 ta ƙirga a wannan shekarar. Babu maƙaryaci a cikinsu. Mudu biyu ne daban. Amma a cikin hoton da ake turawa a waya babu wurin rubuta wane mudu aka yi awo da shi.

Babban abin da gardamar intanet take binnewa shi ne yadda mutuwar bindiga take a zahiri. Bisa alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka a 2021, kuma kashi 54 cikin ɗari daga cikinsu kansu suka kashe, kashi 43 kuma kisan kai ne da wani ya yi musu. Waɗanda suka mutu a irin harbin da ke cika kafafen labarai kaso ne ƙarami ƙwarai na wannan jimilla. Yawancin kisan da ake yi da ƙaramar bindigar hannu ake yin sa, dogayen bindigogi irin AR-15 kuwa, waɗanda aka fi yin kace-nace a kansu, kasonsu a ƙididdigar FBI bai wuce 'yan kaɗan cikin ɗari ba. Masu son a hana AR-15 sau da yawa suna kiranta bindiga mai sarrafa kanta, alhali kowane harsashi sai an ja kunama sau ɗaya yake fita, kuma tun 1986 doka ta hana sayar wa fararen hula sababbin bindigogi masu ɓarin wuta. Masu bindiga suna jin irin wannan kuskure sai su toshe kunne daga sauran maganar. Su kuma nasu ɓangaren ba sa son a ambaci cewa irin wannan bindiga aka yi amfani da ita a Sandy Hook da Parkland da Uvalde, kuma likitocin da suka duba raunukan sun sha bayyana irin ɓarnar da harsashinta yake yi wa jiki.

Lambar da masu kare bindiga suka fi yaɗawa ita ce cewa Amurkawa suna kare kansu da bindiga sau miliyan biyu da rabi a shekara. Ta fito ne daga binciken da Gary Kleck da Marc Gertz suka wallafa a 1995, inda suka tambayi mutane 'yan dubbai ta wayar tarho sannan suka ninka amsar a kan yawan al'ummar ƙasa. Matsalar wannan hanya ita ce idan abin da ake tambaya a kai ba kasafai yake faruwa ba, mutum ɗaya cikin ɗari da ya yi ƙari ko ya rikita shekara ya isa ya kumbura sakamakon da miliyoyi. Binciken da gwamnati take yi a kan waɗanda aka yi wa laifi yana ba da adadin da bai kai ko kusa da haka ba, dubbai gommai zuwa wajen dubu ɗari. Sannan akwai zancen Chicago, wanda ake kawowa a matsayin shaidar cewa doka mai tsauri ba ta da amfani, ba tare da an faɗi cewa rahoton birnin na 2017 ya nuna fiye da rabin bindigogin da 'yan sanda suka kama daga wasu jihohi aka shigo da su, musamman Indiana da ke maƙwabtaka. Wani dalilin da ya sa irin waɗannan lambobi suka daɗe suna yawo ba mai ƙalubalantarsu shi ne tanadin Dickey, wani sharaɗi da majalisa ta saka a dokar kasafin kuɗi a 1996, wanda ya tsorata CDC daga kashe kuɗi a binciken bindiga, har sai ƙarshen 2019 majalisa ta ware dala miliyan 25 domin wannan aiki.

Game da yadda kafafen da kansu suke aiki, akwai abubuwan da bincike ya tabbatar. Masana a jami'ar MIT sun bi labarai kusan 126,000 da aka yaɗa a Twitter (wanda yanzu ake kira X) daga 2006 zuwa 2017, suka wallafa a 2018 cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu sake turawa da kashi 70 cikin ɗari, kuma mutane ne suke yin wannan aiki fiye da asusun bogi masu sarrafa kansu. Takardun cikin gida na Facebook da tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, Frances Haugen, ta fitar a 2021 sun nuna akwai lokacin da kamfanin yake ba alamun motsin rai, har da ta fushi, nauyi ninki biyar na alamar so wajen zaɓar abin da zai nuna wa mutane. Pew kuma ta gano a 2019 cewa kashi 10 cikin ɗari na baligan Amurkawa masu amfani da Twitter su ne suke rubuta kashi 80 na saƙonni. Idan ka haɗa waɗannan, abin da kake gani a wayarka muryar tsiraru ce mafi zafin kai daga kowane ɓangare, wadda manhaja ta ɗaga sama saboda tana riƙe ido.

Amma kada a yi saurin cewa da an gyara manhajar shi ke nan. Masanin zamantakewa Chris Bail da abokan aikinsa sun biya wasu masu amfani da Twitter kuɗi a kan su bi saƙonnin ɗaya ɓangaren na tsawon wata guda, sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna 'yan Republican ɗin sun ƙara tauri ne a kan ra'ayinsu. A wani gwajin da aka yi tare da Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, lokacin zaɓen 2020, an sauya wa dubban mutane tsarin da ke zaɓa musu abin gani har wata uku, ra'ayinsu na siyasa bai motsa yadda za a iya aunawa ba. Abin da na fahimta daga waɗannan shi ne kafafen ba su cika sauya wa mutum ra'ayinsa a kan bindiga ba. Abin da suke sauyawa shi ne yadda yake kallon wanda ya saɓa masa, har ya daina ganinsa maƙwabci mai wani tunani, ya koma ganinsa ko dai wanda jinin yara bai dame shi ba ko kuma wanda ke shirin aiko sojoji ƙofar gidansa.

Shaidar hakan ita ce idan aka tambayi Amurkawa a kan matakai ɗai-ɗai, rabuwar tana raguwa ƙwarai. Shekara da shekaru ƙuri'un jin ra'ayi suna nuna sama da kashi 80 cikin ɗari suna goyon bayan a binciki tarihin duk mai sayen bindiga, har a cinikin da ake yi tsakanin mutum da mutum, kuma masu bindiga da yawa suna cikin wannan rinjaye. Duk da haka ƙudurin sanatoci Manchin da Toomey, wanda ya nemi faɗaɗa binciken wata huɗu bayan Sandy Hook, ya sami ƙuri'a 54 a Majalisar Dattawa ya faɗi, saboda 60 ake buƙata. A lokacin an yi ta yaɗa cewa ƙudurin zai kafa rajistar masu bindiga ta ƙasa, alhali dokar 1986 ta riga ta haramta hakan kuma ƙudurin da kansa ya sake jaddada haramcin. Sanata ya san mai goyon bayan binciken zai yi zaɓe ne a kan tattalin arziki ko lafiya, shi kuwa wanda aka tsorata da ƙwace ba zai manta ba ranar zaɓen fidda gwani. Sai bayan Uvalde, a Yunin 2022, aka iya zartar da wata doka mai sauƙi da ta ƙara bincike a kan masu saye 'yan ƙasa da shekara 21, kuma ita ce babbar dokar bindiga ta tarayya ta farko cikin kusan shekara talatin.

Su kuma kamfanonin, matsayinsu yana bin iskar siyasa. Sashe na 230 na wata dokar sadarwa ta 1996 ya kare su daga ɗaukar alhakin abin da jama'a suka rubuta, shi ya sa iyayen Sandy Hook suka kai Jones kotu ba dandalin da ya ɗauki muryarsa ba. A Agustan 2018 Apple da Facebook da YouTube da Spotify suka cire shi, Twitter ya biyo baya a Satumba, sannan Elon Musk, wanda ya sayi Twitter, ya dawo da shi a Disamban 2023, a Janairun 2025 kuma Meta ta sanar da daina aiki da masu tantance labarai na waje a Amurka.

A kan wane ne mai gaskiya, ra'ayina shi ne laifin ɓangarorin bai zo daidai ba a wuri guda: ƙaryata mutuwar yara da tsangwamar iyayensu daga gefen masu tsoron ƙwace bindiga ya fito, kuma babu abin da ɗaya gefen ya yi da ya kai wannan. A fagen wasa da lambobi kuwa, kowa ya taɓa. Cibiyar RAND, wadda tun 2018 take tace binciken da aka yi a kan dokokin bindiga, ta sami hujja mai ƙarfi cewa dokokin da ke tilasta kulle bindiga daga hannun yara suna rage kashe kai da haɗari a tsakanin matasa, kuma dokokin da ke ba mutum damar harbi ba tare da ya fara neman ja da baya ba suna ƙara yawan kisa. A kan hana bindigogi irin AR-15 kuwa, wanda shi aka fi yin hayaniya a kai, hujjar ba ta kai wannan ƙarfi ba. A 2022, cikin wata biyu, an ga jami'an tsaro 376 sun taru a Uvalde an shafe minti 77 kafin a shiga ajin da maharbin yake, an kuma ga wani matashi mai ɗauke da ƙaramar bindiga a jikinsa ya kashe maharbi cikin daƙiƙoƙi a wata cibiyar kasuwanci a Greenwood ta jihar Indiana. Duka biyun sun faru, kuma idan ka duba shafin mutum za ka iske ɗaya daga cikinsu ne kawai ya tura.